Ka tsinci kare mai ƙirar 'yan farauta? Ga yadda zaka gane ko wane iri ne

Duk wanda ya tsinci kare a bakin titi ko bayan gari ya tausaya masa ya kawo shi gida, tambayar farko da ake masa ita ce wai wane iri ne, balle ace karen dogo ne siriri mai zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, nan take zaka ji wani yace ai Greyhound ne, wani yace a'a wannan Saluki ne na Larabawa, a ɗauki hoto a saka a Facebook kowa ya zo ya faɗi nasa. To abun da nake so ka riƙe tun yanzu shine kama da wane ba ta wane. Da ido kaɗai ba kasafai ake cafko ainihin jinsin kare ba, amma ana iya gane ƙirarsa da irin aikin da jikinsa ya dace da shi, kuma wannan ɗin shi zai fi yi maka amfani kai da karen, dan shi zai nuna maka yadda zaka ciyar da shi, yadda zaka ɗaure shi, da abun da zaka faɗa ma likita ranar da buƙata ta taso.

Kafin a kai ga nan dai, lafiyarka da ta iyalinka. Karen da baka san daga ina ya fito ba kar ka kai masa hannu kai tsaye, kar yara su je wajensa, ka ware masa lungu mai inuwa da kwanon ruwa kana lura da shi aƙalla kwana 10 zuwa sati 2. In kaga yana dalalar da yawu, yana cizon duk abun da ya samu har icce da ƙarfe, muryarsa ta canza ko muƙamuƙinsa ya saki baya iya haɗiya, ka ja baya ka kira likitan dabbobi, ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. In ya ciji wani ko ya yakushe shi a wanke wajen da sabulu da ruwa na tsawon minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Kuma wucewar kwana 10 lafiya ba ita ce ta wanke shi gaba ɗaya ba tunda cutar kan ɓoye a jiki wata da watanni, dan haka likita ya gan shi, ayi masa rigakafi, ana fara yi ne daga wata 3 da haihuwa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa allurar, akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, ga kuma na koyarwa a ABU Zariya da jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da jami'ar Maiduguri.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke ruɗewa. Yunwa tana maida kowane kare kamar na farauta. Karen da ya yi makonni yana bin bola haƙarƙarinsa duk a waje suke, cikinsa ya lafe, ƙafafu sun ƙara tsawo a ido, dole kace ɗan tsere ne. Bambancin ramar yunwa da sirantar halitta a cinya ake ganinsa da kai. Karen da siriri ne tun asali cinyarsa ta baya cike take da tsoka mai tauri, in ka kalle shi ta baya zaka ga ta ɗan bullo gefe, fatarsa tana sheƙi, idonsa tar. Wanda yunwa ta cinye kuwa cinyar ta zama fata da ƙashi, gefen kansa sama da ido ya lotsa, ƙashin gadon bayansa ya fito ɗaya bayan ɗaya, gashi ya bushe yana zuba, in ka ɗaga leɓensa dasashin fari fat maimakon ja-ja. Irin wannan kar ka yanke hukunci a kansa yanzu, kuma dan Allah kar tausayi yasa ka cika masa kwano rana ɗaya, karen da ya daɗe bai ci ba in ya cika ciki lokaci guda abun na iya kashe shi. Kaɗan kaɗan sau 4 a rana, a bashi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska da ƙuma, in akwai ƙazuwa ayi maganinta, bayan sati 4 zuwa 6 sai ka sake kallonsa. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa, sai kaga ya murje ya zama karen gida sak. Wanda kuma yana ci yana ƙoshi, cinya ta cika amma cikin nan yana nan a ɗame, to wannan shine muke magana a kansa.

Sai shekaru, dan kwikwiyo ɗan wata 5 zuwa 8 shima ƙafa ce ke riga jiki girma, sai ya yi zalau-zalau. Duba haƙori. Kwikwiyo haƙoran nono 28 gare shi, ƙanana masu tsini kamar allura, wajen wata 4 suke fara zuba, zuwa wata 6 ko 7 na manya guda 42 sun gama fitowa farare tas. In har yanzu yana famfara to awon da zaka yi masa ba zai faɗa maka komai ba tukuna.

In ya cika girma kuma ya saba da kai har yana bari ka taɓa shi, nemo tef ɗin tela. Tsayar da shi a kan siminti ko dandamali, ƙafa huɗu a miƙe, wani ya riƙe masa kai. Awo biyu zaka yi. Na farko tsayi, daga ƙasa zuwa wajen da wuya ya haɗu da baya, tsakanin allon kafaɗu biyu, ba zuwa kai ba, mutane na yawan kuskuren nan. Na biyu tsawon jiki, daga gaban kafaɗa ta wajen ƙirji zuwa ƙarshen ɗuwawu. Nauyi kuma ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka debe. Ka rubuta su a takarda. Mafi yawan karnuka tsawon jikinsu ya ɗan fi tsayinsu, to in kaga naka tsayinsa ne ya fi tsawonsa wannan alama ce babba, zan dawo kanta. Sannan ka ɗauki hoto uku, ta gefe, ta gaba, ta baya, kuma ka durƙusa wayar ta yi daidai da kafaɗarsa, hoton da aka ɗauka a tsaye daga sama yana gajarta ƙafa ya ƙara girman kai, duk wanda ka tura ma sai ya ɓata.

Karnukan farauta a duniya kusan gida biyu ne, masu farauta da ido da masu farauta da hanci, kuma raba su ya fi komai sauƙi dan baka buƙatar littafi, fita da shi kawai zaka yi da igiya doguwa zuwa fili da yamma ka zura masa ido. Mai farauta da ido kansa a sama yake, yana hangen nesa, ko leda iska ta kwasa can ƙarshen fili zaka ga jikinsa ya ƙame kunnuwa sun motsa, in abun ya tsaya cak sai ya manta da shi, motsi ne ke kunna shi. Kuma yawanci shiru yake bin abu ba haushi. Mai farauta da hanci kuwa tunda kuka fita hancinsa na ƙasa, yana shinshina yana zagaye, wutsiya a sama tana kaɗawa, zomo zai iya gilmawa ta gabansa bai gani ba sai ya zo kan sawun sannan ya rikice, kuma in ya kama sawu yana da wani dogon kuka mai zurfi da ba irin haushin da muka saba ji ba. Jikinsu ma ya bambanta, na hanci kunnensa dogo ne mai faɗi yana reto, leɓensa na sama ya zubo ya rufe na ƙasa, fatar maƙogwaro sako-sako, ƙashi mai kauri, ciki bai ɗame sosai ba. Ka kama kunnen a hankali ka jawo shi wajen hanci, na Beagle yana kusan kaiwa ƙarshen hanci, na Bloodhound har ya wuce. Beagle ɗin ƙarami ne, santimita 33 zuwa 40, galibi launi uku, baƙi da ja da fari, da farin bakin wutsiya. Gaskiya irin waɗannan ba su da yawa a wajenmu, in ka tsinci mai kama da su to a manyan birane ne irin Abuja, Kaduna, Kano ko Yamai inda wani ya shigo da su daga waje, kuma akwai yiwuwar mai shi na nan yana cigiya, dan haka likita ya duba bayan wuyansa da na'ura ko an saka masa ɗan ƙaramin guntun shaida a ƙarƙashin fata, jerin lambobi 15 yake ɗauke da su.

In kana son ƙarin tabbaci kan mai farauta da ido, samu wajen da yake a killace ka sake shi ya yi gudu, ka ɗauki bidiyo da yanayin nan na waya mai rage saurin hoto. Zaka ga abun mamaki, a taku ɗaya sau biyu ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa, sau ɗaya ya dunƙule ƙafafun baya sun wuce na gaba bayansa ya lanƙwashe, sau ɗaya kuma ya miƙe sambal a iska. Da wannan gudun Greyhound ke kaiwa wajen kilomita 70 a awa.

To in ya tabbata ɗan ido ne, a yankinmu sunan da ya kamata ya fara zuwa maka ba Greyhound ba ne, Azawak ne, dan shine namu. Sunan kwarin Azawak ne da ya ratsa Nijar da Mali, wajajen Tawa, Abalak, Cintabaraden har Menaka, ana kuma samunsa a arewacin Burkina Faso, Abzinawa da Fulani makiyaya ke kiwonsa, yana gadin rugga da dabbobi yana kuma kamo zomo da barewa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma sai a 2019 ta karɓe shi cikakke, yau a can kuɗi mai yawa ake saye alhali a nan wani ko kallo bai ishe shi ba, abun na min ciwo wallahi. Ga yadda yake. Namiji santimita 64 zuwa 74, nauyi kilo 20 zuwa 25, karya kuma 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20. Ka lura da wannan, kare mai tsayi haka amma nauyinsa bai wuce rabin buhun siminti ba. Tsayinsa ya fi tsawon jikinsa, kusan 10 da 9, shine abun da nace zan dawo kansa, dan ba kasafai ake samun haka a wani jinsin ba. Ƙashin kwankwasonsa biyu sun fito sarai kuma suna daidai da kafaɗa ko ma sun ɗan fi ta tudu, shi yasa in yana tsaye sai kaga kamar bayansa ya ɗan daga. Ƙirji mai zurfi amma bai sauko har gwiwar ƙafar gaba ba, daga nan ciki ya haura sama da sauri. Fata siririya har jijiyoyi kana gani, gashi gajere ƙwarai, a ciki ma kusan babu. Kunne a kwance yake a gefen kai, mai kusurwa uku, ba a tsaye ba. Wutsiya doguwa siririya mai farin baki, launi yawanci ja ko ruwan ƙasa, wani da ratsin baƙi, da fari a ƙirji da ƙafafu kamar ya sa safa. Lafiyayyen Azawak ana ganin haƙarƙarinsa 3 zuwa 5 kuma hakan daidai ne, ba rama ba ce.

Halinsa ma yana taimakawa wajen ganewa. Baya son baƙo, ba zai zo yana kaɗa maka wutsiya dan ka kira shi ba, zai tsaya nesa yana kallonka, amma wanda ya yarda da shi ya yarda kenan har abada. Yana haushi in baƙo ya doso gida, saɓanin yawancin masu farauta da ido da ba ruwansu da gadi. Zafin rana baya damunsa, zai tona rami ya kwanta abunsa, amma ruwan sama da sanyin hunturu sune maƙiyansa. Karyar kuma galibi sau ɗaya take neman namiji a shekara maimakon sau biyu.

Sauran 'yan uwansa a taƙaice. Sloughi na arewacin Afirka ne, Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya, tsayi kusan ɗaya da Azawak amma ya fi shi kauri, jikinsa ya fi kusa da murabba'i, sau da yawa fuskarsa baƙa ce kuma farin jikinsa kaɗan ne ko babu. Saluki na Gabas ta Tsakiya ne, shahararriyar alamarsa dogon gashi mai laushi a kunne da wutsiya, duk da akwai marasa gashin. Greyhound ya fi su duka cika da nauyi, cinya jibga-jibga, kunne ƙarami a naɗe baya, bayansa ya ɗan yi baka. In kuma kaga layin gashi a gadon baya da ya juya yana kallon kai maimakon wutsiya, wannan Rhodesian Ridgeback ne ko jininsa, na Zimbabuwe, a Bulawayo aka rubuta ƙa'idar jinsin a 1922, shi kam ƙato ne ya haura kilo 30. Sai Basenji na Kongo wanda manhajojin waya ke son liƙa ma karnukanmu, ƙarami ne santimita 40 zuwa 43, kunne a tsaye, goshi a tattare, wutsiya a naɗe tam a kan baya, kuma baya haushi sai wani irin guɗa-guɗa. In naka yana haushi da dare har maƙwabta na magana to ka cire Basenji.

Amma fa bari in faɗa maka abun da na fi tsammani. Bayan duk awon nan mafi yawan karnukan da ake tsinta a ƙasar Hausa zasu faɗa ne a tsakani, santimita 45 zuwa 55, ja ko ruwan ƙasa da fari, kunne a tsaye ko rabi a karye, wutsiya ta ɗan lanƙwasa sama, siriri mai sauri, yana amfani da ido yana amfani da hanci. Wato karen gida, wanda 'yan kudu ke kira ekuke. Kuma ina roƙonka kar ranka ya ɓaci in haka ta kasance, kar kace ashe ba ɗan asali ba ne. Mutane na ɗauka karen gida gauraye ne na karnukan Turawa da suka lalace, sam ba haka ba ne. Yawancin jinsunan da ke da suna da takarda a cikin shekara 200 da suka wuce aka tsara su, ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ma a 1873 aka kafa ta, namu kuwa sun daɗe a nan kafin wannan da dubban shekaru. A 2009 Adam Boyko na jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun gwada jinin karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya suka samu yawancinsu 'yan ƙasa ne na asali, ba jikokin karnukan Turai ba. A 2018 kuma an karanta ƙwayar halittar karnukan gida 15 na Najeriya aka ga alamun jikinsu ya saba da yaƙar cututtukan ƙasashen zafi, abun da duk mai kiwon Alsashiyan a nan ya san zafinsa, dan kaska kaɗan sai ta kwantar da nasa, na gida kuwa yana yawonsa. Kuma mafarautanmu shekara da shekaru suna zaɓen mai gudu su haɗa da mai gudu, ga karnukan makiyaya da ke saukowa daga arewa da rani suna haɗuwa da na gari, ga fatake masu kwasar karnuka daga Nijar da arewa zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, shi yasa zaka samu karen gida mai dogon ƙafa da ɗamammen ciki wanda ba Azawak ba ne cikakke amma akwai jinin a jikinsa. Yadda kake matsawa arewa wajen Maraɗi, Damagaram, Ƙonni, haka ƙafar ke ƙara tsawo.

Wanda zai fi kowa gane maka wannan ba a intanet yake ba, tsohon mafarauci ne. Ka nemi sarkin baka ko sarkin dawan yankinku, ko mai unguwa ya haɗa ka da su, ka je da ladabi kace Baba dan Allah a duba min karen nan. Ka lura da abun da zai duba, zai kama dagi ya ga ko yatsun a haɗe suke, ya shafa ƙirji, ya ɗaga wutsiya, ya yi masa fito ko irin kiran da suke yi ya ga ko zai amsa. Karen da aka taɓa fita daji da shi yana sanin wannan kiran, sai kaga jikinsa ya ɗauki rawa. Akwai wasu alamun da kai ma zaka iya gani, tabo a fuska da ƙirji, guntun igiya ko fata a wuya, wani har da laya ko ƙararrawa, da yankakken kunne, wanda kuma yake ɓata lissafi tunda baka san a tsaye yake ko a kwance ba tun asali, nan sai ka dogara da awon jiki. Wani lokacin ba yanka ba ne ƙuda ne suka cinye bakin kunnen, shi zaka ga ɓawon ciwo baƙi a gefen. Sannan wannan zuwan yana sauke maka wani nauyin, da rani lokacin farauta karnuka da yawa na ɓacewa a daji su faɗo gari, kare mai horo dukiya ce a wajen mai shi, tsintuwa kuma sai da cigiya. In mai shi ya bayyana da shaida ka bashi abunsa.

Manhajojin waya masu gane kare daga hoto ka ɗauke su abun wasa, da hotunan karnukan Turai da Amurka aka horar da su, dole su laluba maka suna mafi kusa ko da ba shi ba ne, ka gwada hoto uku zaka iya samun amsa uku. Ba su kaɗai ba ma, a 2009 Victoria Voith a Kalifoniya ta gwada abun da ma'aikatan gidajen ajiye karnuka suka rubuta da abun da gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ya nuna, kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka dace, kuma waɗannan mutane ne da kullum cikin karnuka suke. Tun kafin nan wasu masana biyu, Scott da Fuller, a jihar Maine ta Amurka sun haɗa Basenji da Cocker Spaniel, 'ya'yan suka fito basu yi kama da uwa ba basu yi kama da uba ba, wanda bai sani ba sai ya rantse wani jinsin ne daban.

Gwajin DNA shine mafi kusa da tabbas in kana da hali. Kamfanoni irin Embark da Wisdom Panel suna aiko da ɗan tsinke mai auduga, ka goga a cikin kumatun karen kamar minti ɗaya, kafin nan kar ya ci komai na ɗan lokaci kuma kar ya sha a kwano ɗaya da wani kare, ka rufe ka mayar musu, bayan 'yan makonni sakamako ya zo ta imel. Kuɗin ya kai wajen dala 100 zuwa sama banda na aikawa, kuma ni a ganina in kuɗin zai hana ka yi masa rigakafi da abinci mai kyau to barin gwajin ya fi. In kuma zaka yi ka tabbatar kamfanin yana da karnukan ƙauyen Afirka a ma'ajiyarsa, Embark na da rukunin karen ƙauye na Afirka ta Yamma, dan shi Boyko ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Kamfanin da bashi da su zai yayyanka maka karen gida zuwa jinsi bakwai da ko kakansa bai taɓa gani ba.

Kar kuma ka ɗora halinsa duka a kan sunan jinsi, wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna jinsi kashi 9 cikin 100 kawai yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin kare da kare. Abun da kaga yana yi a tsakar gidanka shi zaka kama. Amma ƙirar jiki tana da hukuncinta, kuma dan ita nake ta wannan dogon bayanin. In ɗan ido ne siriri, ranar da za'a yi masa fiɗiya ko ɗinkin rauni ka faɗa ma likita tun kafin allurar barci, irinsu basu da kitse, wasu tsofaffin magungunan barci irin thiopental suna daɗewa basu sake su ba. Kar ka dage sai ka ɓoye haƙarƙarinsa da tuwo, ƙiba tana lalata musu gaɓoɓi. Ka shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo dan kwanciya a kan siminti tsirara na fidda masa kanta da ciwo a gwiwa da kwankwaso, da hunturu kuma ka matsar da shi inda iska bata bugawa. Wuyansa ya kusa fin kansa kauri dan haka abun wuya na yau da kullum zamewa yake in ya ja da baya, ka nemi mai faɗi ko wanda ake ɗaurawa ta ƙirji. Kar ka sake shi kusa da titi, in ya hango abu ya zabura kiranka baya shiga kunnensa sai ya gama. Kaji da zabi da tantabaru da 'yan awaki kuwa, naka da na maƙwabta, ka fara gwada shi da igiya a hannunka kwana da kwanaki kafin ka yarda da shi, wani yana sabawa da na gida ya ƙyale su amma na waje bai ɗauke su a bakin komai ba, kuma rigimar maƙwabta a kan kaza ita ce ta fi maida irin waɗannan karnukan kan titi. Maganin ciwon jiki na mutane irin ibuprofen kar ka kuskura ka bashi, farasitamol ma sai da izinin likita.

A katin rigakafinsa, wajen da aka ce jinsi, in baka da takarda ko sakamakon gwaji kace a rubuta karen gida mai ƙirar masu farauta da ido, a haɗa da tsayinsa da nauyinsa da launi da duk wani tabo da yake da shi, ka manna hoton nan na gefe a bayan katin, sannan ka saka ranar allurar shekara mai zuwa a wayarka.